Allo ɗaya, na'ura biyu: tantance monita mai araha don PS5 da laftof

Lamarin da ke gabanmu ba baƙo ba ne ga duk mai harkar kayan kwamfuta. Mai saye yana da PlayStation 5, yana kuma da laftof mai katin hoto GTX 1650. Teburinsa bai fi santimita 60 daga gaba zuwa bango ba. Wasannin da ya fi bugawa su ne ƙwallon EA Sports FC, da Call of Duty: Warzone, da Fortnite, da rana kuma yakan yi rubutu da lissafi a kan laftof ɗin. Wutar gidan tana zuwa tana ɗaukewa, akwai ƙaramar inbata. Kuɗin da ya ware za su iya sayen abu ɗaya cikin biyar: monita inci 24 mai 1080p da 144Hz (Hz shi ne yawan hoton da allo ke nunawa a daƙiƙa), ko inci 27 mai 1440p idan ya ɗan ƙara ciko, ko mai lanƙwasa inci 32 mai 1080p, ko inci 28 mai 4K da 60Hz, ko kuma talabijin inci 43.

A shago duka biyar ɗin suna kunne, kuma ido babba yake fara bi. Amma ba daga fuska ake fara duba monita ba. Juya ta ake yi a duba bayanta, inda ake soka wayoyi, domin a nan ne ake sanin ko lambobin da aka rubuta a kwali za su iso ga na'urar mutum ko za su tsaya a kan kwalin.

Abin da kowace na'ura take iya turowa

PS5 tana da kafar hoto guda ɗaya tak, HDMI 2.1. Ba ta da DisplayPort. Da ta fito a watan Nuwamban 2020, 1080p da 4K take fitarwa, ba ta san 1440p ba, sai a watan Satumban 2022 Sony ya ƙara mata shi ta hanyar sabunta manhaja. Iyakar saurinta hoto 120 ne a daƙiƙa, don haka monita mai 165Hz ko 240Hz ba za ta ƙara mata komai a kan 120 ɗin ba. Kuma ba kowane wasa ke kai wa can ba: Warzone da Fortnite suna da tsarin 120, ƙwallon FC kuwa a kan 60 ake buga ta. Haka kuma PS5 ba ta cika faffaɗan allon nan mai tsarin 21:9. Ko dai a ga baƙin fili dama da hagu, ko hoton ya miƙe 'yan wasa su koma gajeru masu faɗi.

Laftof ɗin ita ce mai rauni a cikin biyun. GTX 1650 kati ne na kamfanin NVIDIA na 2019 mai ma'ajiyar hoto gigabait 4. A 1080p, idan aka sassauta ƙawar hoto, yana tafiyar da wasanni marasa nauyi sosai. Da an ɗaga zuwa 1440p sai aikinsa ya kusa ninkuwa. Lissafin a fili yake: 1920 sau 1080 ɗigo 2,073,600 ne, 2560 sau 1440 kuma ɗigo 3,686,400, wato ƙarin kashi 78 cikin ɗari. 4K ɗigo 8,294,400 ne, ninki huɗu cif na 1080p. Kowane ɗigo sai katin ya zana shi sau 60 ko 120 a kowace daƙiƙa.

Abu na biyu game da laftof ɗin, wanda ya fi na farko tasiri a wannan ciniki: kafar HDMI kaɗai gare ta. Mai kwamfutar tebur ba shi da wannan damuwa, sai ya ba kwamfuta DisplayPort ya bar wa PS5 HDMI. Shi wannan mai saye na'urorinsa biyu duka HDMI suke nema. Duk monitar da ke da HDMI ɗaya ta jawo masa ɗayan biyu: ko ciro waya da sokawa kullum, wanda ke kwance kafar a hankali, ko sayen ƙaramin akwatin sauya HDMI, wanda masu arahar cikinsu sukan danne saurin zuwa 60Hz. Akwai mafita idan kafar USB-C ta laftof ɗin tana fitar da hoto, domin a lokacin waya mai USB-C a kai ɗaya da DisplayPort a ɗaya kan ta wadatar. Sai dai laftof masu araha da yawa USB-C ɗinsu na ɗaukar bayanai ne kawai. Takardar bayanan laftof ɗin ce ke raba gardama, ba siffar ramin ba.

Kafofin baya

Kowace kafa bututu ce mai iyakar faɗi. HDMI 1.4 tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta isa 1080p a 120Hz, amma a 4K iyakarta 30Hz. HDMI 2.0 tana ɗaukar gigabit 18: 1440p a 144Hz, ko 4K a 60Hz. Cikakkiyar HDMI 2.1 tana kaiwa gigabit 48, ita ce mai 4K a 120Hz. DisplayPort 1.2 tana ɗaukar 1440p a 165Hz, 1.4 kuma ta wuce haka.

Wurare biyu ake yawan zamewa a nan. Na farko, lambar Hz da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali sau da yawa ta DisplayPort ce. Fitaccen misali shi ne ASUS VG248QE, monitar da ta yi tashe bayan fitowarta a 2013, kuma har yanzu ana cin karo da ita cikin kayan hannu. 144Hz ɗinta na gaske ne, amma ta DisplayPort ko DVI. Aka soka mata PS5 ta HDMI, 60Hz za ta bayar, ba saitin da zai canza wannan. Saboda haka tambayar da ake yi wa mai shago ba "Hz nawa take da shi?" ba ce. Tambayar ita ce Hz nawa take bayarwa ta HDMI, kuma amsar tana cikin jadawalin da ke ƙarshen littafin monitar.

Na biyu, rubutun "HDMI 2.1" shi kaɗai ba shaida ba ne. Ƙa'idar masu ba da lasisin HDMI ta yarda a kira kafa 2.1 ko da faɗinta na 2.0 ne, domin sababbin siffofin ba dole ba ne. A nemi inda aka rubuta gigabit nawa take ɗauka, ko inda aka ce 4K a 120Hz ƙarara. Ga mai sayenmu wannan bai dame shi ba, tunda ba 4K zai nema ba. Bai kamata ya biya ko sisi don wannan tambarin ba.

Ukun da suka faɗi da wuri

Mai 4K da 60Hz ta fi kowa kyan rubutu, kuma wasannin labari na PS5 za su yi kyau a kanta. Amma ta rufe ƙofar 120Hz, laftof ɗin kuma ba za ta iya da ɗigo miliyan takwas ba. Ta fita.

Talabijin inci 43 ba ta dace da teburin santimita 60 ba. Sai mutum ya riƙa juya wuya kafin ya ga taswirar da ke kusurwa. Masu araha a cikinsu 60Hz ne na asali, lambobin 120 da 200 da ake liƙa musu sunan dabarar cusa hotunan ƙirƙira ne tsakanin na gaske, dabarar da ke ƙara jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin motsi. Wanda zai buga ƙwallo da abokai huɗu a falo, talabijin ce tasa, ya kunna mata tsarin wasa. Wannan kuwa zaman tebur zai yi shi kaɗai.

Mai lanƙwasa inci 32 ita ta fi ruɗin ido, ita kuma ta fi cancantar bayani. Ɗigo miliyan biyu ɗin nan da ke cikin inci 24 su ne aka baza a inci 32. A inci 24 ana samun ɗigo kusan 92 a kowane inci, a inci 27 su sauko 82, a inci 32 su koma wajen 70. Daga nisan hannu ɗaya mutum zai riƙa ganin haƙora a gefen haruffa. Ga shi kuma yawancin masu lanƙwasa na VA ne.

Allunan da ake samu a wannan farashi iri uku ne. TN ya fi tsufa, yana da sauri, amma launinsa yana koɗewa da zarar an kalle shi daga gefe ko daga ƙasa. IPS launinsa yana tsayawa ta kowace fuska, sai dai baƙinsa ba ya yin wuluk. Bambancin haske da duhunsa wajen 1000:1 ne, kuma a ɗaki mai duhu akan ga wani ɗan farin haske a kusurwoyi. VA baƙinsa ya fi zurfi, wajen 3000:1, fim da dare a kansa ba a magana. Aibinsa shi ne ɗigonsa yana nawa wajen fita daga baƙi zuwa launi mai ɗan haske. A wasan harbi, idan aka juya da sauri cikin ɗaki mai duhu, sai a ga gefen ƙofa da inuwa suna jan jela kamar an shafa tawada da yatsa. VA masu tsada sun rage wannan, masu araha ba su rage ba. Ga mai buga Warzone, wannan kaɗai ya isa dalili.

Tsakanin inci 24 da inci 27

A nan gardamar gaske take. Monita inci 27 mai 1440p, irin su Gigabyte M27Q, tana da ɗigo kusan 109 a inci, IPS ce, 170Hz, HDMI 2.0 guda biyu, har da maɓallin da ke sauya allon rubutu da linzami tsakanin kwamfuta biyu. PS5 za ta ba ta 1440p a 120Hz. Rubutun rana zai fi tsafta, shafi biyu za su zauna gefe da gefe. Idan PS5 kaɗai ake dubawa, ita ce zaɓi.

Matsalar tana wajen laftof. Tunda katin ba zai iya wasa a 1440p ba, dole a sauke wasan zuwa 1080p, shi kuma 1080p ba ya zama daidai a kan allon 1440p. Kowane ɗigo ɗaya na wasan sai an raba shi a kan ɗigo ɗaya da sulusi na allon, sulusin ɗigo kuwa babu shi, sai monitar ta cakuɗa launukan maƙwabta. Sakamakon hoto ne mai hazo-hazo, wanda bai kai na monita mai 1080p ta asali kaifi ba. Wato an biya ƙarin kuɗi, ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta koma baya.

Monita inci 24 mai 1080p, irin su AOC 24G2, IPS ce mai 144Hz, tana da HDMI biyu, DisplayPort ɗaya, kafar sauti, da ƙafa mai hawa da sauka. PS5 tana samun 120Hz a kanta, laftof tana wasa a girman da ta iya, ba cakuɗa ɗigo. Abin da aka rasa shi ne ƙarin kaifin da PS5 ke da ikon bayarwa, kuma ba ƙaramin rashi ba ne, a faɗi gaskiya. Amma a inci 24 daga nisan santimita 60 rashin ba ya tsone ido yadda yake yi a inci 27.

Hukuncin wannan lamari ya faɗa kan inci 24. Ba don ta fi ɗayar kyau ba, sai don ita ce na'urorin biyu za su ci moriyarta gaba ɗaya, kuma rarar kuɗin tana da wurin zuwa. Abu biyu za su juya hukuncin: idan mai sayen yana shirin sauya laftof ko haɗa kwamfutar tebur mai kati irin RTX 3060 zuwa sama nan kusa, ko idan wasa a laftof ɗin jefi-jefi ne, aikin rubutu ne ya fi yawa. Monita takan daɗe fiye da kwamfutar da aka saya ta dominta, don haka wanda ke cikin ɗayan halayen nan biyu ya daure ya ɗauki 1440p.

Batun 144 ko 165 ko 180 kuwa bai kai a tsaya ciniki a kansa ba. A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7, a 120Hz 8.3, a 144Hz 6.9, a 165Hz 6.1. Tsallen farko ya rage fiye da milisakan takwas, kowa yana jinsa a hannu. Daga 144 zuwa 165 bai cika ɗaya ba.

Tambarin kwali da ba za a biya kuɗinsu ba

"1ms" yana kan kusan kowane kwali. Awo iri biyu ne ake rubutawa da wannan lamba. GtG shi ne lokacin da ɗigo ke ɗauka ya sauya daga wani toka-toka zuwa wani, kuma masana'anta sukan auna shi a saitin da ya fi kowanne tsanani, wanda ke sa ɗigo ya zarce launin da aka nufa, a ga farin zobe yana bin abin da ke motsi. MPRT kuwa ana samunsa ne ta hanyar ƙyafta fitilar baya, abin da ke rage haske sosai, wasu ma ya sa musu ciwon kai. A aikace matsakaicin saitin saurin ɗigo ne ake zama a kai.

"HDR400" ma haka. HDR tsari ne na ƙara bambancin haske da duhu a hoto. Wannan tambarin shaida ce cewa allon yana kaiwa nit 400 a ma'aunin haske, amma fitilar bayansa guda ce, ba ta iya dushe wani yanki ta haskaka wani. Aka kunna HDR a irin wannan allo, sau da yawa hoton fari-fari yake komawa. HDR na gaske yana son fitila mai yankuna da yawa, kamar AOC Q27G3XMN mai yankuna 336, ko allon OLED, kuma wannan wani aji ne na farashi. A monita mai araha a kashe HDR a PS5 a huta.

Sai daidaita saurin allo da na wasa, wato VRR, wanda ke hana hoto tsagewa a tsakiya idan saurin wasa yana hawa da sauka. Tambarin FreeSync, wani nau'in VRR, yana kan yawancin masu araha, kuma Xbox Series X da S suna aiki da shi ta HDMI. PS5 ba ta aiki da shi. Nata VRR ɗin, wanda ya zo a watan Afrilun 2022, na tsarin HDMI 2.1 ne, ba kowace monita mai araha ke da shi ba. Katin NVIDIA kuma tun watan Janairun 2019 yake aiki da allunan FreeSync, amma ta DisplayPort. To mai sayenmu, da PS5 da laftof mai HDMI, ba zai samu VRR ta kowane ɓangare ba. Gara ya san haka tun a shago. Maganinsa a laftof shi ne ya kafe saurin wasa a lambar da katin zai iya riƙewa ba tangal-tangal.

Sauti shi ake mantawa sai an kai gida. Monita da yawa ba su da lasifika, wasu ko kafar sauti ba su da ita, PS5 kuma ba ta da kafar sauti ta daban a jikinta. Idan monitar tana da ramin milimita 3.5, sai a soka ƙananan lasifika a nan, sautin duk na'urar da ke kan allo ya fito. In babu, sai abin kunne ta ramin da ke jikin hannun wasa.

Wuta

PS5 tana jan wajen wat 200 a tsakiyar wasa mai nauyi. Monita inci 24 tana jan 20 zuwa 30, talabijin inci 43 kuma ninki biyu zuwa uku na haka. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1,200. A raba da wat 230, awa biyar ke nan a takarda, huɗu da wani abu bayan asarar inbata.

Rarar kuɗin nan UPS za ta saya, wato akwatin batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke. Ɗaukewar wuta farat ɗaya ba ta cika yi wa monita illa ba, PS5 ce ke shan wahala: idan wuta ta yanke tana cikin ajiye bayanai, sai ta tashi tana gyaran ma'ajiya, wani lokaci ajiyar wasan ta lalace. UPS mai 650VA tana ba da wat 360 zuwa 390, ta isa ta riƙe na'urar da monita 'yan mintuna a ajiye wasa a kashe yadda ya kamata. Abin da ke kashe monita shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi ko janaretan da ke hawa da sauka. A nan monita mai adafta a waje tana da wata fa'ida: idan ta ƙone, adaftar kawai za a sauya, muddin bolt ɗin ya zo daidai, amfiya kuma bai gaza na asali ba. Kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka ko Jafan a karanta takardar bayansu, a tabbatar an rubuta 100 zuwa 240V.

Gwaji kafin a biya, saiti bayan an kai gida

A je shago da laftof ɗin da wayar HDMI da ta zo cikin kwalin PS5, domin mai ɗaukar cikakken sauri ce. A cika allon da launi ɗaya bayan ɗaya: baƙi, fari, ja, kore, shuɗi. Mataccen ɗigo yana fitowa baƙi a kan fari, maƙalalle kuma yana ƙyalli a kan baƙi. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar monita saboda ɗigo ɗaya, don haka a gano shi kuɗi na aljihu. A kan baƙin a duba gefuna ko haske yana yoyo. A gwada kafofin HDMI biyun duka, a ɗan motsa wayar a ga ko hoto zai ɗauke. A bar ta a kunne minti goma sha biyar, domin wasu layukan sai allo ya ɗumama suke fitowa.

A gida, Windows takan bar sabuwar monita a 60Hz har sai an shiga saitin allo, sashen "Advanced display", an ɗaga da hannu. Mutane da yawa suna shafe watanni a 60 ba su sani ba. A PS5 a shiga "Screen and Video" a bar fitar 120Hz a kan "Automatic", sannan a "Game Presets" a zaɓi "Performance Mode". Fortnite yana da nasa maɓallin 120 a cikin wasan. Maɓallin bayanai na monitar zai nuna saurin da take karɓa a lokacin, shi ne shaida.

Idan baƙi ya koma toka, ko wurare masu duhu suka cushe ba a ganin komai, faɗin launi ne bai daidaita ba: ɓangare ɗaya yana kan cikakke, 0 zuwa 255, ɗayan yana kan taƙaitacce, 16 zuwa 235. A sa su iri ɗaya. Idan kuwa PS5 ta baro talabijin mai 4K aka soka ta allon ya ƙi nuna komai, a kashe ta, a danne maɓallin wuta har a ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai, a haɗa hannun wasa da wayar USB, a zaɓi sauya fitar hoto a mayar da shi 1080p.

Saman allon ya zo daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Monitar da ƙafarta ba ta hawa, a duba ramuka huɗu a bayanta masu tazarar milimita 100 ko 75, su ne na ɗaura ta a hannun ƙarfe ko a bango. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ta ramukan iska na sama, sai a riƙa rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta huce. Wajen gogewa a fara kaɗe ƙurar da busasshen ƙyalle mai laushi, sannan a ɗan jiƙa wani da ruwa. Ba a fesa komai kai tsaye a kan allon, domin ruwan yana gangarawa ƙasan firam inda siraran wayoyin allon suke.